Lezar Faiba, Lezar CO2 ko Filasma: Wanne Injin Yanka Ya Dace da Aikinka?

Duk wanda ya ƙudiri niyyar sayen injin yanka na leza, wato mai yanka da tattararren haske mai tsananin ƙarfi, tambayar farko da dillali zai tare shi da ita ita ce: kilowat nawa kake so? A ganina wannan tambaya a ƙarshe ya kamata ta zo. Wadda ta gabace ta ita ce: wane abu ne ke hawa teburin yankanka a yawancin ranakun mako, kuma kaurinsa nawa? Na ga mai yin allunan talla da ya sayi lezar faiba saboda ya ji ana cewa ita ce ta zamani, sai da aka kafa masa injin sannan ya gane ba ta yanka roba mai garai-garai da yake rubutu da ita. Injin lafiyarsa ƙalau, bai dace da aikin ba ne kawai. Irin wannan asarar ce ta sa nake son a fahimci bambancin tun daga tushe.

Tushen kuwa yana cikin hasken kansa. Tun 1960 da Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a ɗakin binciken kamfanin Hughes a Amurka, an ƙera iri-iri, amma biyu ne suka mamaye fagen yanka a masana'antu. Ta farko ita ce lezar CO2, wadda Kumar Patel ya ƙirƙira a Bell Labs a 1964. Tana samar da haskenta ne ta hanyar tura lantarki cikin cakuɗen iska uku: CO2 (kabon dayoksaid), naitirojin da hiliyam. Shekara uku bayan haka, a 1967, Peter Houldcroft a Ingila ya haɗa wannan haske da feshin iskar oksijin ya yanka fallen ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya, kuma har yau a kan wannan dabarar ake tafiya. Ta biyu ita ce lezar faiba, wadda haskenta ke tasowa a cikin siririn zaren gilashi da aka sa wa sinadarin itabiyam. Tunaninta tsoho ne, Elias Snitzer ya gwada shi tun farkon shekarun 1960, amma ba ta yi ƙarfin da za ta ci ƙarfe a masana'anta ba sai bayan shekara ta 2000, kuma kamfanin IPG Photonics na Valentin Gapontsev na daga cikin waɗanda suka kai ta can.

Abin da ya raba su shi ne tsawon zangon hasken, wato tazarar da ke tsakanin igiyar haske ɗaya da mai bi mata. Na CO2 maikiromita 10.6 ne (maikiromita ɗaya ita ce kashi ɗaya cikin dubu na milimita), na faiba kuwa wajen 1.07, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan. Ido ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu. Amma kowane abu a duniya akwai hasken da yake sha, akwai wanda yake mayarwa kamar madubi, akwai kuma wanda yake bari ya ratsa shi ya wuce. Leza ba ta yanka sai abin da ya sha haskenta. Kusan duk sauran bambance-bambancen da za ka ji daga nan suka samo asali.

Ƙarfe ya fi shan gajeren zango. Shi ya sa faiba ke shiga baƙin ƙarfe, sitinles da alminiyam cikin sauƙi, har ma da jan ƙarfe da tagulla waɗanda suka daɗe suna gagarar CO2 domin suna mayar mata da haskenta, wani lokaci har ya koma ya lalata kayan cikin injin. Ga shi kuma gajeren zango ana iya tattara shi a ɗigo mafi ƙanƙanta, sai zafin ya taru wuri guda. Katako, fata, yadi, takarda, kwali da robar akirilik mai garai-garai kuwa hasken CO2 suke sha sosai. Idan ka ga harafin akirilik da gefensa ke sheƙi kamar an goge shi, to aikin CO2 ne. Ka ɗora wannan robar a ƙarƙashin faiba, hasken zai ratsa ta kamar yadda rana ke ratsa gilashin taga. Katako kuma sai dai ta babbaka shi ba tsari, ga haɗarin gobara.

Saboda haka idan aikinka ba na ƙarfe ba ne, magana ta ƙare: CO2 ce taka. Kuma ba babbar ta masana'anta kake bukata ba. Ƙananan injuna masu bututun gilashi, daga wat 40 zuwa 150, sun ishi mai allunan talla, mai aikin fata da mai sassaƙa katako. Ka sani dai bututun gilashin abin cinyewa ne, bayan 'yan dubban awanni ƙarfinsa zai ragu sai an sauya. Akwai masu bututun ƙarfe da suka fi daɗewa kuma suka fi fitar da zane mai laushi, su kuma sun fi tsada. Abu guda da ba zan gaji da faɗa ba: kada a taɓa yanka robar PVC da leza. Hayaƙinta na ɗauke da sinadarin kulorin, yana cin huhun mutum yana cin ƙarfen injin.

Mai aikin ƙarfe shi ne zaɓinsa ke bukatar a zauna a yi lissafi.

A siraran falle, daga milimita ɗaya zuwa wajen biyar, babu gasa. Faiba mai ƙarfi daidai da CO2 takan ninka ta sauri sau biyu ko uku, wani lokaci fiye, musamman idan ana yanka da naitirojin. Mai ƙera akwatunan lantarki, kabad na ƙarfe, kayan kicin na sitinles, ko ƙofofi masu ado, yawancin aikinsa a nan yake. Da kauri ya ƙaru sai tazarar ta fara raguwa. A baƙin ƙarfe mai kauri da ake yankawa da oksijin, saurin injunan biyu yakan zo kusa da juna, domin a nan ba hasken kaɗai ke aiki ba, ƙonewar ƙarfen da oksijin ita ke ɗaukar babban kaso, kuma ita tana da nata saurin da ba a yi mata gaggawa. A sitinles mai kauri kuwa, daga wajen milimita shida zuwa sama, CO2 ta daɗe tana fitar da gefe mafi santsi, faiba tana barin zane-zane a jikin yankan. Sababbin injuna masu iya sauya siffar hasken sun rage wannan gibi ƙwarai, amma har yanzu za ka tarar da tsofaffin masana'antu sun ƙi rabuwa da CO2 ɗinsu saboda wannan dalili, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai batun wuta, inda faiba ta yi wa CO2 fintinkau. Lezar CO2 takan mayar da wajen kashi 10 cikin ɗari na lantarkin da ta sha zuwa haske. Faiba takan kai kashi 30 zuwa 40, wasu sababbi ma sun zarce haka. Mu buga lissafin: domin fitar da hasken kilowat 4, CO2 za ta sha wajen kilowat 40, ragowar 36 ɗin ya zama zafi, wanda dole na'urar sanyaya ruwa ta sake shan wata wutar kafin ta kwashe shi. Faiba mai wannan ƙarfi kilowat 11 ko 12 za ta sha. Ka ninka wannan da awannin aiki na shekara guda, ka kuma tuna cewa girman wayoyi, taransifoma ko janareton da za ka tanada duk a kan wannan adadi za a auna su.

Wajen kulawa ma haka. Hasken CO2 ba ya bin zaren gilashi, sai an bi da shi ta madubai daga inda aka samar da shi har zuwa kan yanka, wato sashen da hasken ke fitowa ya sauka a kan abin da ake yankawa. Madubai suna datti, suna gocewa, sai an goge an daidaita, kuma daidaita su sana'a ce mai zaman kanta. Akwai iskar leza da ake saye, wadda mafi yawanta hiliyam ce, akwai injin da ke juya iskar a cikin manyansu wanda shi ma yake da lokacin gyara. Faiba kuwa haskenta cikin kebul yake tafiya har kan yanka, babu madubin da za a daidaita a hanya. Abin da ake yawan sauyawa shi ne ɗan gilashin kariya da ke ƙasan kan, da bakin feshi, da zoben tangaran da ke riƙe shi. Masu ƙera ta sukan ce diyod ɗin da ke ba ta haske na iya kai awa 100,000. Wannan alƙawarin kamfani ne a kan wani sashe guda, ba a kan injin gaba ɗaya ba, kada ka ɗauke shi a matsayin shekarun da za ka yi ba gyara.

Kuma faiba tana da nata rauni, ƙura. Ƙwayar ƙura guda a kan gilashin cikin kan yanka, idan hasken kilowat da yawa ya bi ta kanta, za ta ƙone ta bar tabo, tabon ya riƙa shan zafi har gilashin ya fashe. Wanda ya saba buɗe inji a tsakiyar hayaƙin walda da ƙurar giranda sai ya sauya hali. Haka kuma idan tushen lezar ya samu matsala, ba abin da makanike zai kwance ya gyara a wurin ba ne, yawanci sai an mayar wa masu shi ko wakilinsu. Don haka kafin ka tambayi farashi, tambayi wane kamfani ya ƙera tushen hasken, wane ya ƙera kan yankan, kuma kwana nawa ake ɗauka kafin kayan gyara su iso. Manyan sunaye irin su Trumpf na Jamus, Bystronic na Suwizalan da Amada na Japan suna sayar da inji tare da tsarin kulawa mai ƙarfi, da tsadarsa. Kamfanonin Sin kuwa, da tushen haske irin na Raycus da Max, su suka karya farashin har ƙananan masana'antu suka iya mallaka. Akwai nagartattu a cikinsu ƙwarai. Abin dubawa shi ne wanda zai ɗaga waya ranar da injin ya tsaya.

Yanzu ga abin da dillalai ba su cika ja wa mai saye kunne a kai ba, alhali shi ne ke cin kuɗi kullum: iskar yanka. Haske narkar da ƙarfe kawai yake yi, iskar da ke fitowa ta bakin feshi ita ke tunkuɗe narkakken ya faɗi ƙasa. Oksijin ana amfani da ita a baƙin ƙarfe, da ƙaramin matsi, kuma ba ta tafiya da yawa. Sai dai tana barin wani siririn ɓawon ƙuna a gefen yankan. Idan aka yi fenti a kansa ba a kankare ba, ranar da ɓawon ya ɓare da fentin zai tafi, tsatsa ta samu ƙofa. Naitirojin ba ta ƙona komai, tana barin gefe fari tas wanda za a iya yi wa walda ko fenti nan take, shi ya sa ita ake sa wa sitinles da alminiyam. Amma da matsi mai yawa take aiki, sau da yawa tsakanin ba 10 zuwa 20 (“ba” shi ne ma'aunin matsin iska), kuma tana tafiya kamar ruwa a rariya. Tukunyar iska guda ba ta daɗewa a yankan sitinles mai ɗan kauri. Masana'antar da ke wannan aiki kullum dole ta koma ga tankin naitirojin na ruwa ko ta sayi injin da ke tace ta daga iskar sarari. Hanya ta uku ita ce iskar kwamfiresa, wadda kusan kashi 78 cikin ɗarinta dama naitirojin ce. Tana da sauƙin kuɗi, tana da sauri a siraran falle, gefen dai yakan ɗan yi launin rawaya. Sharaɗinta shi ne ta zo a bushe ba ɗigon mai ko ruwa, in ba haka ba gilashin kariya zai riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ne ya dawo da mu ga tambayar kilowat. A yau ana sayar da faiba daga kilowat 1.5 har zuwa 30 da sama. A takardun masu ƙerawa za ka ga mai kilowat 3 tana yanka baƙin ƙarfe har wajen milimita 20, sitinles wajen 10. Wannan iyakar ƙarfinta ke nan, inda take tafiya a hankali, gefen kuma ba lallai ya yi kyau ba. Kada ka sayi inji domin ya zauna a iyakarsa. Kada kuma ka sayi mai kilowat 12 domin wani farantin milimita 25 da ke zuwa maka sau biyu a shekara, irin wannan aikin kai shi wani wuri a yanka maka ya fi. Ƙarin ƙarfi yana biyan kuɗinsa ne idan ana yanka matsakaicin kauri da naitirojin ko iska, kuma akwai aikin da zai cika injin. Akwai wani abin da mutane kan manta: inji mai tsananin sauri yakan gama falle kafin ma'aikata su gama kwashe na baya. Idan babu tebur mai musanya ko abin ɗaga falle, rabin yini injin zai yi yana jiran hannu, ka biya kuɗin gudun da ba ka mora ba.

To ina filasma a cikin wannan? Ba leza ba ce, tartsatsin lantarki ne da ke mayar da iska wuta mai tsananin zafi, kuma ƙarfe kawai take yankawa domin sai abin da lantarki ke bi. Na sako ta ne saboda mutane da yawa da ke mafarkin leza, filasma ce ainihin abin da aikinsu ke nema. Idan kana ƙera ginshiƙan gini, tankuna, bodin manyan motoci ko faranti daga milimita 12 zuwa 40 wanda walda za a bi gefensa da ita, filasma za ta yi maka shi da kuɗin saye kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta. Ba ta damu da tsatsa ko dattin jikin ƙarfe ba kamar yadda leza ke damuwa, ba ta tsoron ƙura sosai, kuma gyaranta bai gagari mai ilimin lantarki ba. Inda take faɗuwa shi ne ƙanƙanin aiki. Faɗin layin da take ci yakan kai milimita ɗaya da rabi zuwa sama, na leza kuwa a siraran falle bai fi kaso kaɗan na milimita ba. Gefenta yakan ɗan karkace, takan bar kashin maƙera a ƙasa wanda sai an bi da giranda, zafinta kuma na lanƙwasa siririn falle. Ramin da faɗinsa bai kai kaurin farantin ba yana ba ta wahala, leza kuwa tana huda shi. Idan ramukan kusoshi dole su hau daidai ba tare da an sake bi da abin huji ba, leza ce.

Akwai kuma yankan ruwa, inda ake harba ruwa da yashin ganet da matsin da ya kai wajen ba 4,000. Ba zafi ko kaɗan, yana yanka dutse, gilashi, tayil da ƙarfe mai kaurin gaske. A hankali yake tafiya, yashin kuma kuɗi ne. Sai wanda kayansa ba sa son zafi.

Ba zan wuce batun ido da sauri ba, domin a nan ne sauƙin farashin faiba ya zo da haɗari. Hasken CO2 gaban ido ne ke shanye shi, yana iya ƙona wurin, amma murfin roba mai kauri na jikin injin yana tare wanda ya warwatsu. Hasken faiba kuwa yana ratsa gaban ido kamar hasken da muke gani, ƙwayar idon da kanta ta tattara shi ta ɗora a kan tantanin gani da ke can baya. Ba a ganinsa, don haka ido ba ya ƙiftawa ya kare kansa, kuma tabon da ya bari ba ya warkewa. Ba sai mutum ya kalli hasken kai tsaye ba, wanda ya dawo daga jikin ƙarfe mai sheƙi ya isa. Ana sayar da injunan faiba marasa rufi domin sun fi araha, kuma ina roƙon duk mai ɗaukar ma'aikata ya ƙara kuɗi ya sayi mai cikakken rufi da tagar da aka yi domin wannan zango. Gilashin walda ba kariya ba ne a nan, tabarau na rana ma haka. Tabarau na leza a jikinsa ake rubuta zangon da yake tarewa da ƙarfin tarewar, a karanta a tabbata ya haɗa da na injinka. Wannan gargaɗi ya fi tsanani ga injunan waldar leza na hannu da suka yaɗu a 'yan shekarun nan, domin su bakin hasken a hannun mutum yake, kuma wanda ke wucewa ta gefe ma yana cikin haɗari. Hayaƙin ma a tanadar masa abin zuƙewa: na ƙarfe mai rufin tutiya yana sa zazzaɓi, na sitinles yana ɗauke da sinadarin kuromiyam mai illa ga huhu.

Da ni ne mai zaɓi, ga yadda zan yi. Aikin ƙarfe da yawancinsa bai wuce milimita 10 ko 12 ba, faiba zan saya ba tare da wani dogon tunani ba. Sabuwar babbar CO2 domin ƙarfe zalla ba zan saye ta a yau ba. Tsohuwa da ake sayarwa da araha kuwa sai na tabbatar akwai mai iya daidaita madubanta da wurin samun iskarta, sannan na lissafa wutar da za ta sha, domin sau da yawa abin da aka rage a farashi a nan yake fita. Mai haɗa ƙarfe da akirilik ko katako, inji biyu ya fi masa, faiba domin ƙarfe da ƙaramar CO2 domin sauran, maimakon inji guda da aka ce yana yin komai. Mai faranti masu kauri ya fara da filasma mai kyau. Wanda kuma aikin yankansa bai kai ya riƙe inji 'yan awanni a kowace rana ba, ya ci gaba da kai wa masu inji suna yanka masa har aikin ya ƙaru.

Kafin ka biya ko sisi, ɗauki naka ƙarfen, wanda kake saye kullum da tsatsarsa da mansa, ka kai a gwada a gabanka. Samfurin da ke ajiye a ɗakin nuni an yanka shi ne a kan zaɓaɓɓen falle, da hannun gwani. Ka tafi da zanen kayan da ka fi yawan yi, mai ƙananan ramuka da kusurwoyi masu kaifi, ka sa a cika falle guda da shi, ka riƙe agogo tun daga ɗora fallen har sauke shi. Ka duba ma'aunin tukunyar iska kafin a fara da bayan an gama. Ka juya yankakken ka shafa bayansa ka ji ko akwai ƙaiƙayi, ka auna ramukan na farkon falle da na ƙarshensa, domin gilashin da ya fara zafi yakan sauya yanka a tsakiyar aiki. Sannan ka tafi da guda biyu ko uku, ka yi musu walda da fenti yadda ka saba, bayan mako guda ka kankari gefen da wuƙa ka ga ko fentin ya kama.